Maganin da Baba Ya Aike Ni Japan In Karɓo

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ofishin malamai, a gidan suna, har a wurin awo, kowa sai ya tare ni da tambayar yaya Japan, ko da gaske ne ɗanyen kifi suke ci, ko da gaske ne jirgin ƙasansu ba ya makara. Ni kuwa sai in ce lafiya lau in wuce, har abokan aikina suka fara tsokanata wai na je ƙasar waje na dawo da jin kai. Ba jin kai ba ne. Labarin ne yake mini nauyi a baki, kuma duk sanda na fara shi daga kifi da jirgin ƙasa sai in ji kamar ƙarya nake yi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ni malamar firamare ce a Batsari, maigidana mahauci ne a kasuwa. Iyayenmu suna Zakka ta ƙasar Safana, inda aka haife mu. Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da autarmu Zulai. Ita tun tana ƙarama kanta yake ja, ta yi ta samun tallafin karatu har ya kai ta Japan, inda take digiri na uku. Mijinta Kabiru shi ma karatu yake a garin. Da cikinta na fari ya tsufa, a al'ada gida ya kamata ta dawo ta haihu a gaban Inna, ta yi wankanta na jego. To karatu bai bar ta ba, Inna kuma ko da Zulai ta zo ba za ta iya komai ba. Sai abin ya faɗo kaina.

Shekara uku ke nan Inna tana ruɗewa. Da farko gishiri ne sau biyu a miya, muna dariya. Daga nan ta fara cigiyar mahaifiyarta da ta rasu tun muna yara. Wata rana aka tsinto ta a hanyar Babban Duhu da rana tsaka, ba takalmi, wai za ta gidansu, a wannan zamanin da ko ƙato ba ya bin hanyar nan shi kaɗai. An yi rubutu, an yi tofi, an kai ta asibiti Katsina. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne na tsufa, a dai kula da ita. Baba bai taɓa yarda da wannan amsar ba.

Wata shida kafin tafiyata na je Zakka gaishe su. Muna zaune a tsakar gida sai saƙon murya ya shigo wayata daga Zulai, na kunna shi a gaban Baba don ya ji muryarta. Murna ta cika mata baki. “Yaya, ya warke. Wata takwas ina jira, yau na buɗe na tarar ya warke tas. Ki taya ni gode wa Allah.”

Baba ya ajiye igiyar da yake tufka ya tambaye ni wa ya warke. Ni abin da na sani game da karatun Zulai kaɗan ne. Ta taɓa ce mini tana bincike kan wani abu da yake dunƙulewa a cikin ƙwayoyin halitta, dangin wanda ake samu a ƙwaƙwalwar tsofaffi masu ruɗewa. Sai na buɗe baki na ce ina jin aikin nata ne, irin ciwon Inna. Laifina ke nan, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Baba ya ɗaga hannu ya yi ta godiya ga Allah. Ya kuma kafa doka cewa kada wanda ya kuskura ya tada wa yarinya hankali da maganar tana da juna biyu, idan lokaci ya yi za a yi. Ni ma ban tambaye ta ba. Ba dokar Baba ce ta hana ni ba, tsoron amsar nake ji.

Ranar da na je sallama ya raka ni har bakin mota, abin da bai saba ba. Ya ce: “Ki ce mata ba don ni ba. Ko kaɗan ne ta aiko mu gwada. Uwatta ce.” Na ce insha Allahu.

Ba zan ɓata muku lokaci da wahalar biza ba, sau biyu na je Abuja kafin ta fito. Na bar Batsari da hantsi, don yanzu ba mai shiga hanyar Katsina da asuba ko bayan la'asar in ba dole ba. Direba bai kunna rediyo ba, fasinja kowa idonsa a kan daji, sai mun wuce wani shingen ka ji an sauke numfashi. Kayana jaka biyu ne, ɗaya da rabi duk na jego: garin gero, kanwa, yaji, kuka, daddawa, busasshen ganyen darbejiya na wanka, da kilishin da maigidana ya kwana biyu yana yi da hannunsa, ya naɗe shi a takarda ninki uku ya ce ko ƙuda ba zai ji ƙamshinsa ba.

Daga Kano muka tashi, muka sauka Habasha aka sauya mana jirgi. A nan na haɗu da wata hajiya 'yar Katsina mai zuwa Sin saro kaya. Da ta ji inda za ni da abin da ke jakata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in cinye kilishin a hanya. Na ji haushinta, na ɗauka baƙin ciki ne irin na 'yan kasuwa. A jirgi na biyu lissafin salla ya ɓace mini gaba ɗaya. Rana ta faɗi, kafin in gama gyangyaɗi ta sake fitowa, na rasa azahar ɗin wace rana ake bina. Na yi ta yi a zaune ina roƙon Allah ya karɓa.

Hajiyar ta fi ni gaskiya. A wurin ɗaukar kaya wani ɗan ƙaramin kare sanye da riga ya zo ya zauna a gindin jakata ya ƙi tashi. Na ja da baya ina tattare hijabi kada ya taɓa ni, ma'aikaciyar da ke riƙe da shi tana ta sunkuyawa tana ba ni haƙuri. Aka kai ni wani tebur aka buɗe komai. Kilishi ya tafi, ganyen darbejiya ya bi shi, wai ba a shiga da nama ko ganye ƙasarsu ba tare da takarda ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ladabin. A wurinmu in za a ƙwace maka abu ana ɗaure fuska, kai ma ka samu damar yin faɗa ka huce. Nan kuwa mutum yana ɗauke maka kilishi yana sunkuya maka, ka rasa ta inda za ka fara.

Kanwa ce ta kusa kwana da ni a wurin. Suka sa safar hannu suna juya ta, suka kira wani, shi ma ya kira wani. Na ce da Turancina na aji abinci ne, ba su gamsu ba. Sai na gutsura na sa a baki na tsotsa ina kallonsu. Sai da aka kira Kabiru a waya, aka ɗan kankari kaɗan aka tafi da shi aka dawo, sannan suka mayar mini da ita a sabuwar leda, an naɗe ta tsaf kamar tsaraba.

Kabiru ne ya zo tarbata. Garinsu Zulai tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa. E, ba ya makara, kuma ba mai magana a ciki. Na amsa wayar maigidana da irin muryar da muke gaisawa a gida, sai na ga Kabiru yana ƙifta mini ido. Gidan nasu kuwa duka bai kai zauren Baba ba. A bakin ƙofa ake cire takalmi kamar wurinmu, ƙasan ɗakin wata irin tabarma ce mai kauri, a kanta ake shimfiɗa a kwanta da safe a naɗe. Wannan bai zame mini baƙo ba. Abin da ya gagare ni shi ne shara. Kowace iri da ledarta da ranarta. Ta farko da na fitar, da yamma na tarar an dawo da ita bakin ƙofa da takarda manne a jiki.

Kwana huɗu da isata Zulai ta sauka lafiya, 'ya mace. Ranar suna ba rago, ba maƙwabta, ba guɗa. A Batsari maigidana ya yanka ragon, muka kalla ta waya. An sa wa yarinya sunan Inna, muna kiranta Ummi.

Wankan jego ya haɗa ni faɗa da Zulai tun ranar farko. Bahonsu mai zurfi ne, yana dafa ruwa da kansa, amma akwai iyakar zafin da ba ya wucewa, kuma a ganina wannan ruwan ko jariri ba zai gasa ba. Na ɗora tukunya a wuta in ƙara, ta ce ba za ta shiga ba. Kunun kanwa ma ta ce in rage kanwar, wai yawanta da ruwa mai ƙuna suna kumbura zuciyar mai jego. Na ce Inna ta haifi bakwai da wannan wankan. Ta ce ta kuma san matan Zakka da suka yi shi suka kumbura suka tafi, ta fara kiran sunaye, na ce ya isa. Muka raba: ruwa nata, kunu nawa, kanwa rabi.

Abincinsu ban saba da shi ba har na taho. Shinkafa ba mai ba yaji, miya kamar ruwan wanke tukunya. Ɗanyen kifin na gan shi da idona, ban kai shi baki ba. Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki. Maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da ake kira Mori, wadda ashe ita ta dawo mini da shara, ta kawo mana barka da wani waken suya mai yauƙi a ɗan akwati. Ina buɗewa na ji warin gida. Na shiga na ɗauko daddawa na miƙa mata, ta shinshina, ta riƙe baki tana dariya. Daga ranar muka zama ƙawaye, ba ta jin nawa ba na jin nata.

Duk wannan lokacin saƙon Baba yana cikina. Kullum in ce bari ta ƙara ƙwari. Baba kuwa in mun yi waya ba ya tambaya, sai dai ya ce, “Ana dai lafiya ko?” ya jira in ƙara wani abu.

Wata rana da la'asar ina shanya sai na ji lasifika tana magana a kan wani dogon ƙarfe a unguwar, muryar mace a hankali, ta faɗa ta maimaita. Na sha jin ta, na ɗauka talla ce. Ran nan Kabiru yana gida na tambaye shi. Ya saurara ya ce cigiya ce: wani tsoho ya fita tun safe bai dawo ba, ga kalar rigarsa, ga tsayinsa, duk wanda ya gan shi ya sanar. Ya ce ba a daɗewa ba a yi irinta ba, tsofaffi masu ruɗewa ne. Na tsaya da zanin jariri a hannu. Ƙasar da bahonta ke dafa ruwa da kansa, ita ma cigiyar tsofaffinta take yi a lasifika kamar yadda muke yi a masallaci.

Bayan kwana biyu Mori ta ja hannuna zuwa gidanta. A ɗakin ciki ga wata tsohuwa tukuf, mahaifiyarta, zaune tana ninke tawul ɗaya tana warwarewa. A bayan rigarta an ɗinka ƙyalle da rubutu da lambar waya. Mori ta durƙusa tana ba ta abinci da cokali, tsohuwar tana sunkuya mata tana godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Ba sai an fassara mini ba. Na fito na tsaya a baranda na yi kukana na share.

Ranar da Zulai ta cika kwana ashirin da biyar da haihuwa ta ce dole ta leƙa wurin aikinta, akwai abin da ba zai jira arba'in ba. Na yi faɗa, mai jego da fita, ta ce ko in raka ta ko ta tafi ita kaɗai. Muka bar Ummi da Kabiru a ɗakin shan shayi na ƙasa, aka ba ni farar riga muka hau.

Na zaci asibiti zan gani, da gadaje. Ɗaki ne dogo cike da kwalabe da firji, yana ƙamshin gidan burodi. Malaminta, wani tsoho mai furfura da Zulai ta ce ya haura shekara talatin a kan wannan aikin, ya sunkuya mini, ni ma na rusuna. Ya nuna mini wasu ƙananan faranta masu murfi, a ciki an zuba wani abu kamar daskararren kunu, a kansa ɗigo-ɗigo a jere, wasu farare wasu jajaye. Ya ba ni tsinken sakace ya ce in gwada ɗaukar ɗigo ɗaya in shafa a sabon faranti. Hannun da ya saba da muciya, na danna na yage abin gida biyu. Ya yi dariya ya ce kowa haka ya fara, ya koma ofishinsa.

Da muka rage mu biyu na ce: “Zulai, ina wanda ya warke?”

Ta buɗe firji ta ɗauko faranti ɗaya, ta riƙe shi da hannu biyu tana murmushi. Ɗigon da ke kai duk ja ne. Ta ce ga shi.

Na ce ba wannan ba, mutumin.

Ta dube ni. Na ga murmushin yana barin fuskarta a hankali. Ta jawo kujera ta zauna ta ce, “Yaya, yis ne. Yis ɗin fanke. Wane mutum?”

Na gaya mata komai, da saƙon muryar, da abin da na ce wa Baba, da rakiyar da ya yi mini. Sannan raina ya ɓaci, na faɗi maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce shekara uku uwarta tana yawo ba takalmi ita tana nan tana gadin yis. Na ce da ta san wasan yara take yi da ba ta aiko mana da albishir ba. Ba ta rama ba. Hawaye kawai take yi, tana riƙe da farantin don kada ya faɗi.

Da na gaji na yi shiru, ta ce in ba ta dama ta nuna mini, ko don in san abin da zan faɗa a gida. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halitta akwai furotin iri-iri, kowanne da yadda ya kamata ya naɗe. Wani lokaci ɗaya yakan naɗe ba daidai ba, kuma duk ɗan'uwansa da ya taɓa sai ya koya masa wannan naɗin, su manne su zama dunƙule. Shi suke kira firiyon. A yis, idan ƙwaya ta tsiro 'ya, 'yar takan tafi da guntun dunƙulen, ita ma ta ba wa tata 'yar, haka har jikoki. Tambayar da take bi ita ce me yake riƙe da wannan gadon har ba ya yankewa. Suna da yis iri dubbai, kowanne an cire masa ƙwayar gado guda ɗaya. Sai ta sa wa kowanne firiyon ɗin ta jira. Wanda ya riƙe shi yakan fito fari. Wanda ya kasa riƙewa ya fito ja, alamar abin da aka cire masa yana cikin masu riƙon. Idan ya koma ja, da Turanci sukan ce ya warke. Kalmar wurin aiki ce ta ɗauko ta juya ta Hausa don murna, ba ta taɓa kawo Inna a ranta ba.

Na ce to yaya ake yi ya warke ɗin. Ta ce in tuna watanda. Sa guda ba ya shiga gida arba'in sai mahauci ya sassara shi ya kasa. A cikin yis ma akwai mai sara, an daɗe da gano shi, shi yake farfasa dunƙulen ƙanana yadda kowace 'ya za ta samu kaso. Ita masu taya shi take nema, kuma tana jin ta kama ɗaya. In aka cire shi, dunƙulen sai ya yi ta girma ba mai fasa shi, har ya fi ƙarfin ƙofar da ke tsakanin uwa da 'ya.

Ta kai ni wani ɗaki mai duhu ta sa na leƙa madubin ƙara girma. Na ga ƙwaya zagayayya, a cikinta wani ɗigo kore yana haske. A gefenta wata 'yar ƙarama tana tsirowa, cikinta wayam. Ta ce babbar ita ce uwar. Na tambaye ta yaushe koren zai fita daga cikin uwar. Ta ce ba ya fita, da shi za ta mutu. 'Ya'yan ne ake haifa babu shi, su yi ta yawa har farantin ya koma ja.

Ta ƙara da cewa ko wannan ma ba ciwon Inna ba ne, kama kawai suka yi ta wajen dunƙulewa, kuma ƙwaƙwalwar mutum ba ta hayayyafa kamar yis. In har wani magani zai taɓa fitowa ta wannan hanyar, sai bayan shekaru masu yawa, wataƙila a hannun wanda ba a haifa ba tukuna. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba ko da ina so.

Sauran kwanakin na yi su ne da nauyin zuciya. Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Ana jibi zan taho na shiga wani kantin magani na sayi kwalba ɗaya ta ƙwayoyin ƙarin kuzari, irin na tsofaffi, jikinta duk rubutunsu wanda ba mai iya karanta shi a ƙasar Safana kaf. Zulai ta gan ta a jakata ta gane. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce na kyauta ba. Cewa ta yi, “Yaya, ke za ki kalli idonsa, ba ni ba.”

Na dawo an fara ruwa. Kwana ɗaya na yi a Batsari, washegari da hantsi na shiga motar Safana, daga nan na hau babur zuwa Zakka, kwalbar tana cikin jakar hannuna. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, an ce sai an yi haƙuri.

Na tarar da Baba a tsakar gida ya dawo daga shuka, ƙafarsa duk laka. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi hanya, ya tambayi Kabiru, ya tambayi mai jego da jaririya, ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi ko can ma an samu ruwa. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Na je na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta ce baƙuwa daga ina, a kawo mini ruwa. Kafin tafiyata Japan takan kira sunana ko sau ɗaya a wuni.

Na koma wurin Baba na zauna. Sai ya ce, “An samu?”

Hannuna yana cikin jaka, a kan kwalbar. Na ɗaga kai na dube shi, tsoho mai shekara saba'in da wani abu wanda bai taɓa yi mini ƙarya ba ko ta rarrashi. Na zare hannuna ba komai. Na ce babu, Baba, kuma ba a taɓa samu ba, ni ce na ji magana na juya ta. Na gaya masa na yis, da fari da ja, da watanda, yadda na iya. Ya saurara kamar yadda yake sauraron malamin gona, yana tsayar da ni yana tambaya. Da na zo kan 'ya'yan da ake haifa babu abin, ya ɗaga hannu.

“Ita uwar hwa?”

“Ita take riƙe shi, Baba. Ba ta warkewa.”

Na jira faɗa, da ya yi da na ji sauƙi. Ya share fuskarsa da tafin hannu ya ce Allah ya sa abin da yarinyar take yi ya amfani wasu, in gaya mata ya ji kuma ya sa mata albarka, kada ta ɗauka ta yi laifi. Sai ya juyo gare ni.

“Ke kuma, wata takwas ina zuba ido ga hanya, na bar kallon wadda ke gabana. Kar ki ƙara yi mini haka. Tashi ki tsefe mata kai, tun tahiyarki ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba.”

Na tashi na ɗauko mataji da man kaɗanya na zauna a bayanta. Kitson da ke kanta nawa ne, na wata biyu, duk ya cukurkuɗe. Ina sa yatsuna a ciki ta saki jiki, ta kwantar da kanta a cinyata. Na fara tsifa daga ƙeya. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, in yi a hankali, ina da hannu irin na babbar 'yarta, wadda ta yi tafiya ba ta dawo ba tukuna.